Darasi na 9: Daga Kasuwar Shanu zuwa Bakin Ruwan Alau a Kan Keke

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so mai koyo ya iya:

1. lissafa awannin da tafiya za ta ci, idan ya san nisa da saurin tafiya;
2. tsayar da lokacin juyowa gida tun kafin a tashi;
3. duba kekensa, ya kuma yi wa taya faci da hannunsa;
4. ƙiyasta ruwan sha da kuɗin da ayari ke bukata;
5. faɗin abin da ake yi da wanda ba a yi a kan hanya, a shingen jami'an tsaro da kuma bakin ruwa.

1. Ina za mu?

Duk mai harka a Kasuwar Shanu ya san keke. Tun watan Yulin 2011 da gwamnatin Jihar Borno ta hana hawa babur a Maiduguri da Jere saboda matsalar tsaro, keke ya koma abin hawan talaka na yau da kullum. Masu kora, yaran dillalai, masu sayar da dusa da harawa, mahautan da ke sammako zuwa mayanka, da yawansu a kansa suke zuwa su koma. Amma duk hawan neman abinci ne. Da wuya ka ji abokan sana'a goma sun ware rana guda domin su fita gari tare, su ga ruwa, su ci kifi, su dawo. Alhali wanda ya shekara cikin ƙurar kara da hayaniyar ciniki ya cancanci yini irin wannan, ga shi kuma keke ba ya shan mai.

A wasu ƙasashe abin ya zama al'ada. A Ingila, tun 1976 jama'a kan taru kusan kowace shekara su tuƙa keke daga Landan zuwa Brighton da ke bakin teku, tafiyar kimanin kilomita 87. Mu teku ya yi mana nisa, domin Legas ta fi kilomita 1,500 daga nan. Baga da ke kusa da Tafkin Chadi kusan kilomita 200 ce, keke ba ya zuwa ya dawo a yini. Ruwan da ke kusa da mu shi ne na Alau.

Alau yana kudu maso gabashin gari, kimanin kilomita 20, cikin Ƙaramar Hukumar Konduga. Ana bin hanyar Bama, a wuce Jami'ar Maiduguri, sannan a ratse. An gina madatsar tsakanin 1984 da 1986 a kan kogin Ngadda, ta yadda za ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 112, domin ruwan famfon Maiduguri da noman rani. Masunta da masu lambu suka samu abin yi a gefenta. Babu mazaunin garin nan da zai ji sunan Alau bai tuna 10 ga Satumban 2024 ba, ranar da madatsar ta ɓalle, ruwa ya shiga Gwange da Gamboru da fadar Shehu, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. A cikin ajin nan ma ba za a rasa wanda ya yi asarar gida ko ɗan'uwa ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ambaliyar ta taɓa hanya da bakin ruwa, saboda haka sanin da ka yi wa wurin a shekarun baya ba abin dogaro ba ne yau.

> Akwatin ma'ana
> Ayari: mutanen da suka tashi tare, suke tafiya tare, za su kuma dawo tare.
> Jagora: wanda ke gaba, ya san hanya, maganarsa ake bi.
> Mai rufe baya: wanda ke ƙarshen layi da kayan gyara, ba ya wuce kowa.

2. Tambaya kafin tafiya

Wannan sharaɗi ya fi duk sauran nauyi. Ƙauyukan da ke kewaye da Maiduguri sun ga hare-hare a shekarun nan, kuma halin hanya yakan sauya daga mako zuwa mako. Kwana biyu kafin tafiya, mutum biyu daga cikin ayari su je su tambayi masu bin hanyar kullum: direbobi, masu kawo kifi da kayan lambu daga can, 'yan sa-kai da jami'an tsaro. Abu uku za su tambayo. Shin ana barin baƙi su je? Ƙarfe nawa ake buɗe shinge, ƙarfe nawa ake rufewa? Ina ne iyakar inda baƙo zai tsaya?

Idan aka ce a dakata, magana ta ƙare, ko da an riga an tara kuɗi. Sai a zaɓi zagayen cikin gari, lissafin da za mu koya zai yi aiki a can ma. Idan aka ba da izini, a rubuta sunayen matafiya da lokacin dawowa a takarda, a bar ta wajen shugaban kasuwa ko fatoman da kowa ya yarda da shi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A watan Afrilu zafin Maiduguri yakan haura digiri 40, da damina kuma hanyar ƙasa tana caɓewa. Ba a sa tafiyar cikin azumi, ba a kuma sa ta ranar Juma'a.

3. Lissafin lokaci

> Akwatin ma'ana
> Nisa: tsawon hanya, ana auna shi da kilomita. Kilomita 1 mita 1,000 ce.
> Sauri: yawan kilomitar da mutum ke ci a cikin awa ɗaya.
> Ƙa'ida: nisa ÷ sauri = lokaci.

Kasuwar Shanu tana can gefen gari, sai an ratsa ta Kwastam kafin a kama hanyar Bama. Domin sauƙin lissafi, mu ɗauka nisan duka kilomita 24 ne.

*Misali na 1.* Samari ne zalla, suna cin kilomita 12 a awa.

24 ÷ 12 = awa 2 a kan sirdi.
Hutu sau biyu, kowane minti 15 = minti 30.
Jira a shinge, ko facin taya = minti 30.
Jimilla: awa 3.

In sun tashi ƙarfe 6:30 na safe, bayan an yi sallah an karya, za su isa ƙarfe 9:30.

*Misali na 2.* Ana cikin shawara a ƙarƙashin darbejiya, sai wani yaron dillali ya ce:

"Baba, ai awa biyu ta ishe mu. Kullum a keke muke."

Dattijon da ke sayar da igiya ya dube shi ya ce: "Ku da wa, ɗana? Ni ma ina cikin tafiyar. Kekena ya girme ka, ga gwiwa."

Saurin dattijon kilomita 8 ne a awa. Sai lissafi ya sauya.

24 ÷ 8 = awa 3 a kan sirdi.
A ƙara awa 1 ta hutu da jira = awa 4.
Tashi 6:30, isowa 10:30.

A nan mutane suka fi yin kuskure. Sukan yi lissafi da saurin mai ƙarfi, su ce sauran za su cim mana. Abin da ke biyo baya shi ne ayari ya tsinke gida biyu, ruwa da famfo su tafi da na gaba, dattijo ya tsaya shi kaɗai a bakin hanya da taya a sace. Saurin ayari shi ne saurin wanda ya fi kowa rauni a cikinsa. Wanda ba zai iya haƙuri da wannan ba, gara ya yi tafiyarsa dabam wata rana.

4. Lissafi daga baya

Zuwa yana da sauƙi, domin jiki da ƙarfi, gari da sanyi. Dawowa ce aiki. Shi ya sa ake fara tsayar da lokacin da ake son shiga gida, sannan a ƙirgo baya.

A watan Disamba rana kan faɗi a Maiduguri kafin ƙarfe 6:00. Ayari mai hankali zai so ya shiga gari ƙarfe 5:00, da sauran haske.

*Misali na 3.* Ayarin da dattijo ke ciki yana bukatar awa 4.

5:00 a cire awa 4 = ƙarfe 1:00 na rana. Lokacin juyowa ke nan.
Zama a bakin ruwa: daga 10:30 zuwa 1:00 = awa 2 da rabi.

Awa biyu da rabi sun isa a gaisa da mutanen gari, a ci kifi, a yi Azahar da zarar lokacinta ya shiga. Idan kuma an ce shinge na rufewa ƙarfe 4:00, to da 4:00 za a yi lissafi, ba da 5:00 ba. Jagora ya faɗi lokacin juyowa a gaban kowa tun a kasuwa, domin kada a yi gardama a can lokacin da hira ta yi daɗi.

> Akwatin ma'ana
> Lokacin juyowa: ƙarfen da ayari zai kamo hanyar gida, ko an gama abin da aka je yi ko ba a gama ba.

5. Duba keke da yin faci

Ana duba keke ana gobe tafiya, ba da asubar tafiya ba. Kama birki ka tura keken gaba: in taya ta ci gaba da juyawa, a sauya robar birki. Matsa taya da babban yatsa, in ta lotsa a ƙara iska. Sarƙa a goge ta, a ɗiga mata mai. A ɗaure sirdi daidai yadda in feda ta sauka ƙasa, ƙafa za ta kusa miƙewa. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwa a doguwar tafiya. Ƙararrawa ta yi ƙara, kariya kada ta yi girgiɗi.

Abin da zai fi tsayar da ku a hanyar Alau ƙaya ce, ta tsidau ko ta aduwa. A cikin gari mai faci yana kowace kwana, a daji kuwa kai ne mai facin kanka. Mai rufe baya ya riƙe famfo, sholisho, faci, samfefa, sifana da sabon tub guda biyu. Ga yadda ake yi:

Kifa keken a kan sirdinsa a inuwa. Ɓanɓare gefe ɗaya na taya da ƙarfe marar kaifi, ka zaro tub a hankali. Buga masa iska. A gida cikin kwanon ruwa ake tsoma shi a ga inda kumfa ke fita, amma a hanya ruwa na sha ne, saboda haka kara tub ɗin kusa da leɓe ko kumatu kana juya shi, za ka ji sanyin iskar da ke fita. Ka shafa ɗan yawu a wurin, in ya yi kumfa ka samu hujin. Sace iskar, goge wurin da samfefa har ya daina sheƙi, shafa sholisho siriri. Yanzu ka jira. Masu gaggawa sukan manna faci a kan ɗanyen sholisho, kafin a yi kilomita ɗaya ya ɗaye. Bari sai ya sha iska ya daina kama yatsa, sannan ka ɗora faci ka danne da ƙarfi.

Saura abu ɗaya da ake yawan mantawa. Kafin ka mayar da tub, zagaya cikin taya da yatsa a hankali. Ƙayar da ta huda shi tana nan a maƙale, kanta kamar na allura. In ba ka cire ta ba, za ta sake huda shi nan take.

6. Ruwa, guzuri da kuɗi

Mai tuƙa keke yana zubar da gumi ko da bai gani ba, musamman da hunturu da iska ke busar da shi nan da nan. A yi lissafi da rabin lita a kowace awar tuƙi. Ledar ruwa ɗaya rabin lita ce, jaka kuma leda 20.

*Misali na 4.* Mutum 10, tuƙin awa 3 zuwa, awa 3 dawowa.

Awa 6 = leda 6 ga kowane mutum.
A ƙara leda 4 na zama da alwala = leda 10.
10 × 10 = leda 100.
100 ÷ 20 = jaka 5.

Leda 10 lita 5 ce, nauyinta kilo 5. Kowa ya ɗaure nasa a kariya, kada a jibga wa mutum ɗaya. Ledojin da aka sha a dawo da su gida. Ku da ke harkar dabbobi kun ga abin da mahauta ke cirowa daga tumbin saniyar da ta ci leda.

Alamun ƙarancin ruwa a jiki su ne ciwon kai, jiri, ɗaurewar tsoka da fitsari kaɗan mai duhu. A kai mutum inuwa, a sassauta masa riga, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwan gishiri da sukari yana kurɓa kaɗan-kaɗan. In ya fara magana ba kan gado ko ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A tsayar da mota a kai shi asibiti.

> Akwatin ma'ana
> Ruwan gishiri da sukari: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali.
> Kuɗin ko-ta-kwana: kuɗin da ake warewa, ba a taɓa shi sai matsala ta taso.

*Misali na 5.* Farashin nan na misali ne, ku sa na kasuwar yau a madadinsa. A ce kowa ya ba da naira 2,000.

10 × 2,000 = naira 20,000.
Ruwa 2,000, kayan faci 3,000, burodi, dabino da ƙuli-ƙuli 6,000, kifi 5,000.
Jimilla 16,000. Saura 4,000.

Naira 4,000 ɗin nan ita ce ta ko-ta-kwana, ta ɗaukar marar lafiya ko keken da ya karye. In an dawo lafiya a raba ta, ko a ajiye ta don tafiya ta gaba. Mai riƙe kuɗi ya rubuta komai ya karanta wa kowa.

7. A kan hanya

Tun 1972 Nijeriya ke tuƙi ta hannun dama, keke ma haka. A jeru ɗaya bayan ɗaya, tsakanin kowane biyu a bar tazarar tsawon keke biyu. Wurin da ya fi haɗari shi ne bakin kasuwarku, inda tireloli ke juyawa bayan lodi: direban tirela ba ya ganin mai keken da ke manne da gefensa. A cikin gari a kula da Keke Napep, yakan tsaya ba zato in ya hango fasinja. A nuna hannu kafin a yi kwana. Ba goyo, ba waya a kunne. Mai babbar riga ya naɗe ta, mai wando mai faɗi ya ɗaure ƙafar dama, kada sarƙa ta kama. In taya ta shiga rairayi kada a danne birkin gaba, gara a sauka a tura.

Da an hango shinge a rage gudu, a sauka, a buɗe fuska, kowa da katin shaidarsa a aljihun gaba. Jagora kaɗai ke magana. Ba a ɗaukar hoto a wurin.

Bayan an bar kwalta, a bi sawun da mutane da motoci ke bi kullum. Ko bukata ce ta kama mutum, kada ya kutsa daji. Ƙarfe ko waya ko wani kwanson da ba ka san shi ba, kada ka taɓa, kada ka harba da ƙafa. Ka nuna wa jagora, shi kuma ya sanar da jami'an tsaro. Rikicin shekarun nan ya bar abubuwan fashewa a ƙasa a sassan Borno, kuma suna kashe mutane har bayan shekaru.

8. A bakin ruwa

Ku baƙi ne. A fara da gidan Bulama, a gaisa, a faɗi daga inda aka fito da lokacin da za a koma. Ko gaisuwa kaɗai ka iya da Kanuri, ka yi ta. Masunta aiki suke yi, kada a taka musu raga, kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa. Wajen sayen tarwaɗa ko karfasa a yi ciniki na mutunci, domin mutanen nan ma ambaliya ta shafe su.

Kada a yi wanka a ruwan. Ruwan da ke kwance yakan ɗauki ƙwayar tsargiya, wadda ke shiga ta fata, daga baya mutum ya ga jini a fitsarinsa. Ƙasan ruwan madatsa kuma ba a sanin zurfinsa da ido. Kwale-kwale ba a shigarsa sai da rigar kariya, kuma ba a wuce adadin da mai shi ya faɗa. Wurin da ake aikin gyara ko aka kafa alamar hani, a tsaya nesa da shi.

Minti 15 kafin lokacin juyowa, mai rufe baya ya zagaya ya matsa kowace taya, jagora ya ƙirga mutane da suna.

Tambayoyin bita

1. A wace shekara aka hana hawa babur a Maiduguri, kuma me hakan ya jawo wa keke?
2. A kan wane kogi aka gina madatsar Alau? Faɗi amfani biyu da aka gina ta dominsu.
3. Waɗanne abubuwa uku ake tambayowa kafin a sa ranar tafiya? Wa ake tambaya?
4. Nisa kilomita 30 ne, saurin ayari kilomita 10 a awa. Awa nawa za a yi a kan sirdi?
5. A cikin ayari akwai mai cin kilomita 15 a awa, akwai mai cin 12, akwai mai cin 9. Da saurin wa za a yi lissafi? In nisan kilomita 18 ne, awa nawa ke nan?
6. Ana rufe shinge ƙarfe 4:00 na yamma. Daga bakin ruwa zuwa shingen tafiyar awa 2 da rabi ce har da hutu. Ƙarfe nawa ne lokacin juyowa?
7. Mutum 8 za su yi tuƙin awa 5, kowa kuma zai ƙara leda 5 ta zama. Leda nawa ake bukata? Jaka nawa za a saya?
8. Me ya sa ake jira kafin a manna faci? Me ake nema a cikin taya kafin a mayar da tub?
9. Faɗi yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari. Wane irin marar lafiya ne ba a ba shi?
10. Aikin gida: ku rabu biyar-biyar, ku zaɓi wurin da za a iya zuwa a dawo a yini, ku rubuta nisa, lokacin tashi, lokacin juyowa, yawan ruwa da kuɗin da kowa zai bayar bisa farashin yau. Waɗanda ba sa hawa keke su yi nasu lissafin da shatar Keke Napep.